Kafaɗa

kàfaɗā̀ sn., mc.; jm. kàfàɗū.

1. Mahaɗar dantse da gangar jiki: Ya ɗora buhun riɗi a ~ a kasuwar Gadarif.

2. (likit.) sandarewar ~: kumburi da ƙanƙancewar tantanin da ya lulluɓe gaɓar. Alamu: zogi, musamman da dare, kasa ɗaga hannu. An fi samu: shekara 40–60, mata, masu ciwon sukari, bayan ɗaurin karaya. Matakai: zafi, ƙagewa, sakewa, shekara 1–3. Magani: motsa gaɓar kullum, gashi, ƙwayoyin rage zafi, allura cikin gaɓa, in ta ƙi, tiyata: Inna ba ta iya ɗaura ɗankwali saboda sandarewar ~.

3. ~ da ~: tare, daf da juna.

Dub. sandàrē, allon ~.