Dodo a Tatsuniyoyin Hausa

Dodo wata halitta ce mai ban tsoro a tatsuniyoyin Hausa: ƙato, mai dogon gashi, mai cin mutane. Mazauninsa ƙungurmin daji ne ko bakin kogi. A garuruwan Damagaram irin su Kurni, kusa da Matamai, kamar sauran ƙasar Hausa, tsofaffin mata ne suka saba ba yara labarinsa da dare.

Ƙarfinsa ya fi wayonsa, shi ya sa Gizo ko wani ƙaramin yaro ke iya yi masa dabara. A wasu labaran yakan rikiɗe ya zama kyakkyawan saurayi, ya auri budurwar da ta raina samarin garinsu. Sai sun yi nisa cikin daji take gane wanda ta bi. Frank Edgar ya tattara irin waɗannan labarai a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda aka buga tsakanin 1911 da 1913.

Turawa ma suna da nasu dodon, wanda Charles Perrault na Faransa ya sa cikin tatsuniyoyinsa a 1697. Wannan dodon ne ya shiga wasannin kwamfuta kamar World of Warcraft na 2004, inda wasu dodannin ke da kai biyu. A can yawanci kashe shi ake yi a samu maki, bai kai namu fasali ba.