Shekara 30 Ana Ganin Alama: Tarihin Lilon Ruwa Na Dreamworld



Da Sallah ta ƙarato, ko hutun ƙarshen shekara, roƙon yaranmu ɗaya ne: a kai su wurin lilo. Mu mazauna Legas, Ibadan, Fatakwal da sauran garuruwan kudu mun san yadda wuraren nan ke cika ranar yawon Sallah, layi tun daga bakin ƙofa, injuna na ta juyawa daga hantsi har bayan magariba. Mukan tambayi kuɗin tikiti, mukan duba ko akwai inuwa da wurin alwala. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne shekarun ƙarfen da za mu ɗora yaro a kai, da kuma wanda ke duba lafiyarsa. Shi ya sa muka kawo tarihin wani lilo guda a ƙasar Ostireliya, domin shi an baje rayuwarsa a gaban alƙali, tun daga kafa shi har ranar da ya kashe mutane, kuma ba kasafai ake samun haka ba.

Sunan wurin Dreamworld, yana yankin Gold Coast a jihar Queensland. Wani ɗan kasuwa mai suna John Longhurst ne ya gina shi, aka buɗe a watan Disamba na 1981, ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren shaƙatawa na ƙasar. A Disambar 1986 aka ƙara masa wani wasan ruwa da aka sa wa suna Thunder River Rapids. Kogi ne na siminti da aka gina, ana tura masa ruwa da manyan injuna guda biyu. Mutum shida ke zama a wani kwale-kwale mai siffar ƙatuwar taya, ruwa ya kwashe su yana juyi da su yana watsa musu, tafiyar kamar minti huɗu. A ƙarshen kogin akwai wani bel mai jeren katakai da inji ke ja, shi ke ɗauko kwale-kwalen daga ƙasa ya hau da shi zuwa inda ake sauka. Wasan iyali ne, na uwa da uba da yara, irin wanda mai tsoron manyan liluna yake zaɓa don hankalinsa ya kwanta.

An fara irin wannan wasa ne a birnin Houston na Amurka a 1980, kuma wani kamfanin Suwizalan, Intamin, shi ya shahara da ƙera shi. Na Dreamworld kuwa a gida aka harhaɗa shi. Wannan yana da muhimmanci, domin wanda ya sayi inji daga maƙera yana da littafi da kuma wurin da zai koma ya yi tambaya kafin ya taɓa wani abu. Wanda ya haɗa da kansa, shi ne maƙerin, shi ne mai gyara, shi ne kuma mai cewa gyaran ya yi.

Aka kuwa yi ta taɓawa. Tun a shekarun farko aka cire katako biyu daga cikin kowane uku na bel ɗin nan, sai tazara mai faɗi ta buɗe tsakanin katakan da suka rage. Aka kafa wasu ƙarafa a cikin ruwa bayan ƙarshen bel ɗin don su tallafi kwale-kwale idan ruwa ya ja baya. Kowane canji, idan ka dube shi shi kaɗai, yana da dalilinsa. Ba a samu wanda ya zauna ya dube su a haɗe ya ce: to, idan ruwa ya janye, wani kwale-kwalen ya maƙale a kan ƙarafan, bel kuma yana ci gaba da turo na bayansa, me zai faru? Wurin ma ya yi ta sauya hannu, daga Longhurst zuwa wasu, har ya shiga hannun kamfanin da daga baya aka sani da Ardent Leisure. Masu wuri suna tafiya, ma'aikata suna tafiya, sanin dalilin da ya sa aka cire wancan katako yana tafiya tare da su.

Amsar tambayar da ba a yi ba ta zo da kanta a watan Janairun 2001. Da safe, ana gwajin lilon kafin a buɗe ƙofa, kwale-kwale suka yi karo a ƙarshen bel, ɗaya ya kife. Ba kowa a ciki. An ɗauki hotuna, an yi rahoto, har wani babban ma'aikacin wurin ya rubuta bayan shekaru cewa tsikar jikinsa na tashi idan ya tuna da a ce akwai mutane a ciki. A Nuwambar 2014 aka sake karo bayan injin ruwa ya tsaya, wannan karon da fasinjoji, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Maganin da aka yi shi ne korar ma'aikacin da ke kan aiki. A ganinmu nan ne aka yi babbar asara, domin korar yaron aiki tana sa shugabanni su ji kamar an kashe wutar, alhali injin yana nan yadda yake.

Mu duba aikin da aka ɗora wa waɗannan ma'aikata. An shaida wa kotu cewa mai kula da babban allon madannai yana da abubuwa fiye da 30 da zai lura da su ko ya aikata cikin ƙasa da minti ɗaya: ɗora fasinja, duba ɗamararsu, kallon talabijin na kyamarori, sakin kwale-kwale, lura da injuna. Ruwan kansa babu na'urar da ke auna shi. Wani tabo da ruwa ya bari a jikin bango, shi ma'aikata ke kallo su gane ko ya ragu. Masana sun ce na'urar da za ta tsayar da bel da kanta da zarar ruwa ya sauka ba za ta wuce dalar Ostireliya 3,000 ba, a wurin da ke karɓar baƙi da yawan gaske kowace shekara. An kuma karanta wa kotun bayanin wani taron cikin gida na watan Maris 2016 inda aka yi maganar tsuke kashe kuɗi a kan gyare-gyare.

A nan maganar cunkoso ta shigo, domin ita da gyara tagwaye ne. Kowane lilo yana da adadin da zai iya ɗauka a awa. A ce yana sallamar mutum shida kowane rabin minti, mutum 720 ke nan a awa, ko da dubu biyar ne ke tsaye a layi. Idan ya tsaya na minti ashirin, mutum 240 sun taru a kan waɗanda ke jira, yara na kuka, iyaye na harara, manaja na duba agogo. Mai gyaran da ya ce a rufe sai an gano ciwon, shi ne ya ɓata wa kowa rana. Wanda ya danna ya tayar da injin, shi ne gwani.

Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin haɗarin jama'ar da ta fi ƙarfin wuri. Ranar 17 ga Yuli 1955 da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya, sama da mutum 28,000 suka shiga, da yawansu da tikitin jabu. Abinci ya ƙare, famfunan shan ruwa ba sa aiki ga zafi, kwaltar da aka zuba ba ta bushe ba har tsinin takalman mata na nutsewa, jirgin ruwan yawon da ke cikin wurin aka cika shi har ruwa na hawa dandamalinsa. Daga baya aka yanke wa jirgin adadin da ba a wucewa. Su an ba su darasin ba tare da gawa ba.

Ranar Talata 25 ga Oktoba 2016, ɗaya daga cikin injunan ruwan Thunder River Rapids ya tsaya kafin azahar, aka tayar da shi. Ya sake tsayawa, aka sake tayarwa, ba tare da an gano abin da ke damunsa ba, kuma dama ya yi irin haka a kwanakin da suka gabata. Da misalin ƙarfe biyu na rana ya tsaya a karo na uku. Ruwa ya sauka nan take. Wani kwale-kwale da ba kowa a ciki ya zauna daram a kan ƙarafan tallafi. Bel bai tsaya ba. Ya turo na baya mai ɗauke da mutum shida, suka haɗu, na bayan ya miƙe tsaye, tazarar katakan nan da aka buɗe shekaru aru-aru ta kama shi ta ja shi cikin injin. Manya huɗu suka rasu, maza biyu mata biyu, biyu daga cikinsu wa da ƙanwa ne. Yara biyu suka tsira, yarinya 'yar shekara 12 da yaro ɗan shekara 10, kowannensu mahaifiyarsa na cikin mamatan.

Tsakanin maƙalewar kwale-kwalen farko da karon, kusan minti ɗaya ne. A kusa da matashiyar da ke sauke fasinja akwai madannin gaggawa da zai tsayar da bel cikin daƙiƙa biyu. Ranar ce ta farko da aka ba ta wannan matsayi, horon da aka yi mata da safe bai kai awa biyu ba, kuma ta shaida cewa ba ta san aikin madannin ke nan ba.

Alƙalin da ke binciken musabbabin mutuwa, James McDougall, ya saurari shaidu a 2018, ya fitar da rahoto mai shafi fiye da 270 ranar 24 ga Fabrairu 2020. Bai jingina laifin ga ƙananan ma'aikata ba. Ya ce gazawar ta tsarin wurin ce baki ɗaya, cewa cikin shekara 30 ba a taɓa sa ƙwararren injiniya ya yi cikakken nazarin haɗarin lilon ba, cewa ajiyar takardun gyara ba ta da kan gado, kuma hatsarin jiran lokaci kawai yake. Ya soki injiniyan waje da ya duba lilon makonni kaɗan kafin abin ya faru ya sa hannu cewa lafiya lau, ya soki ita ma hukumar da ke sa ido. A Yulin 2020 kamfanin ya amsa tuhuma uku, a Satumbar shekarar aka ci shi tarar dalar Ostireliya miliyan 3.6. Shi lilon ba a sake kunna shi ba, an rushe shi.

Kada wani ya ce ai tsufa ne. A ƙasar dai, a birnin Melbourne, akwai wurin wasa mai suna Luna Park da aka buɗe a Disambar 1912. Jirgin ƙasan wasansa mai hawa da gangara, na katako, yana aiki har yau, ya haura shekara 110, kuma har yanzu akwai mai birki da ke tsaye a tsakiyar jirgin yana riƙe shi da hannu. Irin waɗannan na katako ana bin hanyarsu da ƙafa kafin a buɗe, ana ɗaure noti, ana cire ruɓaɓɓen katako a sa sabo, har ya zama sunan ne tsoho, jikin kuwa an sha sabunta shi. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san wannan. Ya girmi na Dreamworld da shekara 74.

Jihar Queensland ta gyara dokokinta bayan abin ya faru. A 2017 ta mayar da sakacin da ya kashe ma'aikaci a wurin aiki babban laifi da ke iya kai shugaban kamfani gidan yari. A 2019 ta wajabta a yi wa kowane lilo babban bincike duk shekara goma, a horar da masu kunna shi yadda ya kamata, a ajiye littafin da ke ɗauke da tarihin gyara da matsalolinsa, manyan wurare kuma sai sun samu lasisi na musamman.

Mu a nan ba sai mun tsallaka teku ba kafin mu san abin da ƙofar da ba a ƙirga ba take yi. Ranar 18 ga Disamba 2024, a wani bikin wasan yara da aka shirya a harabar wata makaranta a unguwar Basorun ta Ibadan, an yi shelar za a karɓi yara 5,000 a ba su kyauta. Jama'a suka yi dafifi tun da sassafe, aka yi turereniya a wurin shiga, yara 35 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Babu inji ko ɗaya da ya lalace a ranar.

Ƙungiyoyinmu na unguwanni su ma sukan shirya wa yara wasan Sallah, a ɗauko hayar lilo da gidan tsalle na iska a kafa a fili. A irin wannan rana mu ne masu wurin, ƙirgar bakin ƙofa tamu ce. Kwamitin da zai ɗauko haya ya san yaro nawa filin zai ci kafin a yi shela a masallaci, ya raba ƙofar shiga da ta fita, ya tambayi mai lilon yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe kuma wa ya yi. A sa wanda zai kunna injin ya nuna inda ake kashe shi cikin gaggawa, ya danna a gani kafin yaro na farko ya hau. Lilon da ya tsaya sau biyu a rana ɗaya ba a san dalili ba, a rufe shi, ko da an riga an biya kuɗin yini.