Facin da Imel Ke Yagawa

A 1985 Larry Wall ya fitar da wata ƙaramar manhaja mai suna patch, wato faci. Sunan ya dace, domin kamar mai facin taya, ba ta taɓa komai sai wurin da ya huje: maimakon a aika manhaja sukutum, sai a aika layukan da aka gyara kawai. A tsarin da ya zama ruwan dare daga baya, layin da aka cire yana farawa da alamar ragewa, wanda aka ƙara da alamar tarawa, layukan da ke kewaye da su kuwa, uku sama uku ƙasa, kowanne yana farawa da gurbi guda wanda ido ba ya gani. Da irin wannan faci, ta imel, aka gina Linux tun lokacin da Linus Torvalds ya sanar da shi daga Helsinki a 1991.

Matsalar ta taso ne daga kirkin manhajojin imel. An ƙera su domin wasiƙar da mutum zai karanta, saboda haka suna karya dogon layi gida biyu, suna mayar da tab gurabe, suna share gurbin da ya rage a ƙarshen layi. Ga wasiƙar gaisuwa wannan gyara ne, ga faci kuwa gyaran gangar auzinawa ne, domin gurbi ɗaya ya ɓace, facin na iya ƙin zama. Gmail na cikin burauza ya yi ƙaurin suna a nan, har takardun Linux suka keɓe shafi guda kan yadda za a saita kowace manhajar imel, suka kuma ce mutum ya fara aika wa kansa facin ya gwada shi.

Maganin da ya ɗore shi ne cire manhajar imel daga tsakani. Bayan rabuwa da BitKeeper, manhajar da masu gina Linux ke adana aikinsu da ita har aka janye musu lasisinta, a Afrilun 2005 Torvalds ya rubuta Git domin ya maye gurbinta, Junio Hamano ya karɓi ragamarsa a Yuli. Umarnin git format-patch yana shirya faci a siffar wasiƙa, git send-email ya miƙa shi kai tsaye ga sabar imel, git am ya ɗora shi a ɗaya ɓangaren ba tare da harafi ya motsa ba.

Masu suka suna cewa tun da GitHub, shafin da ake aika gyara ta cikinsa ba tare da imel ba, ya zo a 2008, aika faci ta imel wahalar da kai ce, kuma tana korar sababbin shiga. Suna da gaskiya a kan na biyun, don saita sabar imel ya sa da yawa sun juya tun daga bakin ƙofa. Amma wanda aka taɓa janye wa lasisin BitKeeper ba zai yi gaggawar damƙa aikinsa ga kamfani guda ba. Ga shi kuma mai duba faci yana iya sauke wasiƙunsa, ya kashe intanet, ya rubuta gyaransa a ƙarƙashin ainihin layin da bai gamsu da shi ba.