Hutu a Legas: Fara Zaɓen Unguwa Kafin Ka Zaɓi Otal

Da zarar Sallah ta matso, ko yara sun samu hutun ƙarshen shekara, tambayar da mutanenmu na Badun, Shagamu, Fatakwal, Anacha da Inugu suka fi yi mana ita ce: "Wane otal ne mai kyau a Legas?" Ni a Agege aka haife ni, mahaifina harkar shanu yake yi a Oko-Oba, kuma amsar da nake bayarwa kullum ɗaya ce. A Legas unguwa ake fara zaɓa, otal ya biyo baya. In ka kama ɗaki mai kyau a unguwar da ba ta dace da tafiyarka ba, to rabin hutun a cikin gosulo za ka yi shi, kuɗin da ka tara kuma ya ƙare a hannun direbobi.

Me zai kai ka otal bayan akwai maigida?

Al'adarmu ta fatake sananniya ce. Wanda ya sauko da shanu ko goro gidan maigidansa yake sauka, a ba shi tabarma da abinci har ya sayar da kayansa. Wannan tsari yana nan, Allah ya saka wa iyayenmu da alheri. Amma an yi shi ne don namiji shi kaɗai da ya zo kasuwa. Wanda ya ɗauko mata da yara huɗu, ko ango da amaryarsa, in ya ce zai sauka gidan ɗan uwa a Legas inda mutum takwas ke raba ɗaki biyu, ya takura kansa ya takura masu gida. Kunya ba za ta bar su su faɗa maka ba, amma kai ma ka sani.

Na san da yawa cikinmu da sun ji an ce otal sai ransu ya tafi wajen giya da badala. Akwai irin waɗannan, babu musu. Akwai kuma na mutunci da iyali za su kwana lafiya, kuma gane su ba wuya, zan zo kan wannan a ƙasa.

Legas biyu ce, ruwa ya raba

Akwai ɓangaren tudu, inda Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba da Surulere suke. Akwai ɓangaren tsibiri: cikin garin Ikko na asali, Obalende, Ikoyi, Victoria Island, sai Lekki da ta miƙe gabas. Gadoji uku ne suka haɗa su: Carter, Eko, da Third Mainland wadda aka buɗe a 1990, mai tsawon kilomita 11.8.

Ga abin da baƙo ya kamata ya riƙe. Da safe jama'a daga tudu suke kwarara zuwa tsibiri wajen aiki, da yamma su juyo. Idan ka sauka a Ikeja alhali duk wuraren da kake son gani suna Lekki, kullum kai da ma'aikata za ku yi gaba tare ku dawo tare, tafiyar da ba ta wuce minti arba'in ba ranar Lahadi sai ta cinye maka awa biyu ko uku ranar Litinin. Don haka ka ɗauki biro ka rubuta wurare biyar da suka kawo ka. Ɓangaren da uku suka faɗa, nan ne masaukinka.

Kada kuma ka ce ai acaɓa zai fitar da kai. Tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, daga baya aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Dokar ta shafi mai tuƙi da wanda aka ɗauka. Abin dogaro shi ne motocin BRT, da jiragen ƙasa biyu na cikin gari: mai shuɗin layi daga Marina zuwa Mile 2 da ya fara ɗaukar fasinja a 2023, da mai jan layi daga Agbado zuwa Oyingbo da ya fara a 2024, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Dukkansu da katin Cowry ake biya. Otal ɗin da za ka taka da ƙafa daga gare shi zuwa tasha ya fi mai wurin ninƙaya da ke can ƙarshen lungu.

Agege

Nan ne gida. Hausa za ka ji a Zango, tuwo da fura da masa ba sai ka nema ba, masallaci kuwa ko'ina ka juya. Jirgin ƙasa da ke tasowa daga Moniya a Badun yana tsayawa a tashar Agege, ka ga mutanen Sabo ba su da wahala. Ɗakuna sun fi araha a nan. Sai dai gaskiya ɗaya ce: yawancin masaukan ƙanana ne, akwai hayaniya, kuma bakin teku ya yi maka nisa. Agege ta dace da wanda ziyarar dangi ce ta kawo shi, yawon gari kuma na kwana ɗaya ne.

Ikeja

In za a tambaye ni wuri guda da ya fi dacewa da mai iyali da ya zo karon farko, Ikeja zan ce. Filin jirgin Murtala Muhammed yana nan. Akwai otal na kowane aljihu, daga Allen da Opebi har GRA inda babu hayaniya. Kasuwar waya ta Computer Village da babban kantin Ikeja City Mall suna kusa, Agege kuma ba nisa in an yi marmarin tuwo. Abin lura, wasu titunan Allen da Opebi da daddare wuraren rawa ne da shaye-shaye. Ka duba maƙwabtan otal, ba cikinsa kaɗai ba.

Yaba da Surulere

Waɗannan su ne tsakiya. Masu shigowa a manyan motoci daga Anacha, Inugu ko Fatakwal da yawa a Jibowu ake sauke su, Yaba kenan. Babbar tashar jirgin ƙasa ta Ebute Metta tana kusa. Daga nan gada ɗaya ce tsakaninka da tsibiri, farashi kuma bai kai na can ba. Idi-Araba, unguwar mutanenmu, tana dab da Surulere kusa da asibitin koyarwa na LUTH, saboda haka wanda ya haɗa hutu da ganin likita ko dubiya nan ya fi masa.

Obalende, Onikan da cikin Ikko

Mai son tarihi nan ne wurinsa. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka kafa a 1957, motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye, ramukan harsashi na nan a jikinta. Dandalin Tafawa Balewa yana gefe. Babban masallacin Legas yana titin Nnamdi Azikiwe, tsohon masallacin Shitta-Bey na 1894 yana titin Martins, kasuwar Balogun kuma ta kewaye wajen, in uwargida ta shiga sai ka yi haƙuri. Obalende akwai Hausawa tun da daɗewa, tsire kuwa har tsakar dare. Amma wuri ne mai cinkoso da 'yan tasha, ya fi dacewa da samari da suka saba da gari. Mai ƙananan yara ya zo da rana, ya koma wani wuri ya kwana.

Victoria Island, Ikoyi da Lekki

Nan ne Legas ɗin da ake gani a hoto: dogayen benaye, bakin teku, manyan otal-otal. Gandun Lekki Conservation Centre, mai birai da gadar igiya ta saman itatuwa mai tsawon mita 401, yana kan hanyar Epe. Tsibirin Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa ake zuwa. Akwai babban masallaci a Lekki Phase 1. Tsadar ba ta ɗaki kaɗai ba ce, abinci da mota duk sun fi na tudu. Ga kuma ruwa: daga Afrilu zuwa Yuli, musamman Yuni, wasu titunan Lekki da Victoria Island kan cika har mota ta kasa wucewa. Shawarata ga mai matsakaicin ƙarfi, ya raba hutun gida biyu: kwana uku a tudu, kwana ɗaya ko biyu na ƙarshe a tsibiri don yara su ga teku.

Yadda ake duba otal

Mu 'ya'yan kara an koya mana ba a sayen sa daga hoto. Sai ka zagaya shi, ka duba haƙori, ka tashe shi ya yi tafiya. Ɗakin otal ma haka ne. Hotunan intanet wataƙila tun ranar da aka buɗe wurin aka ɗauke su. Ka tura ɗan uwa da ke Legas ya je ya gani da idonsa, ko ya kira ka ta bidiyo daga cikin ɗakin. Ga abin da za a duba:

Wuta. Kada ka tsaya a "akwai wuta". Ka tambaya ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai. Wasu sai dare suke kunnawa, da rana ka dafu.

Ruwa. A buɗe famfo a bar shi ya zuba na ɗan lokaci. A wasu sassan Lekki ruwan rijiyar burtsatse yakan zo da launi ko ɗanɗanon gishiri. Ka taho da butarka, ba kowane banɗaki ne aka yi don mai alwala ba.

Irin mutanen wurin. Ka tambayi na kan kanta ko suna ba da ɗaki na awa-awa. In ya ce e, ka yi sallama. Ka duba ko akwai wurin kiɗa a ƙasa, domin otal ɗin da ke shiru ranar Talata da rana, daren Juma'a wani abu ne daban. In akwai mashaya amma wurin na mutunci ne, ka nemi ɗaki a sama, can nesa da ita.

Tsaro. Mai gadi a ƙofa, sakata ta ciki, taga mai buɗewa, da matakala ta biyu ko da gobara. Otal ɗin da ke karɓar katin shaida kafin ya ba da makulli ya fi wanda ba ruwansa da ko waye kai.

Sallah da abinci. Alƙibla a Legas arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Ka tambayi masallacin Juma'a mafi kusa. A ɗakin cin abinci kuma kada ka ji nauyin tambayar wane nama ne, da wane mai aka soya.

Maganar kuɗi

Ban rubuta farashi ba da gangan, domin kuɗin ɗaki a Legas bin kuɗin gas yake yi. Amma ga abin da ba ya canzawa. Kuɗin da aka faɗa maka a waya sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, akwai harajin jihar Legas na kashi 5 a kan otal da gidajen abinci, wasu kuma su ɗora ladan hidima. Ka ce, "Duka-duka nawa zan biya?" Ka tambaya ko da karin kumallo, na mutum nawa, da ko za a ƙara katifa don yara. Yawanci ƙarfe 12 na rana ake sakin ɗaki, in ka wuce a ƙirga maka ƙari.

Kwana ɗaya za ka fara biya. In wurin ya yi maka, sai ka nemi ragi a kan sauran kwanakin, kuma ana ragewa, musamman tsakiyar mako. Ka karɓi rasit. Kada ka tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan mutum maimakon sunan otal.

Masu iyali da yawa sukan fi son gidajen haya na 'yan kwanaki, masu kicin da falo. Dabara ce mai kyau, tunda uwargida za ta dafa abin da aka saba kuma akwai sirri. Amma nan ne 'yan damfara suka fi yawa: a sa hoton gidan wani a Instagram, a karɓi kafin alƙalami, a kashe waya. Sai naka ya shiga gidan ya riƙe makulli sannan kuɗi ya fita. Kuɗin ajiya da suke karɓa don ɓarna kuma a rubuta ranar da za a mayar maka.

Wata ma yana da tasiri. Disamba ce mafi tsada, lokacin da 'yan ƙasashen waje ke dawowa, ɗakuna su cika, hanyar Lekki ta toshe. Wanda yake da zaɓi ya zo daga tsakiyar Janairu zuwa Maris: babu ruwan sama sosai, gari ya lafa, mai otal ma yana sauraron ciniki.

Abu na ƙarshe shi ne lokacin isowa. Ka tsara tafiyarka ka shigo Legas da rana tsaka. Baƙon da ya sauka a tasha ƙarfe goma na dare da mata da yara da jakunkuna ba shi da bakin ciniki, duk ɗakin da aka nuna masa shi zai karɓa. Kada kuma ka tare motar da ba ta tasha ba a bakin titi, ta nan masu "wan cans" ke kwashe mutane. Ka kira mota ta manhajar waya, ko ɗan uwa ya zo ya tarbe ka, kuma ka bar wa na gida sunan otal da unguwar da ka sauka.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa a yi hutu cikin rufin asiri.