Taron Shekem da Rabuwar Daular Isra'ila: Darasi a Kan Shugabanci da Shawara

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nazarin dalilan da suka kawo rabuwar daular Isra'ila gida biyu bayan rasuwar Sarki Sulemanu, wajen shekara ta 930 kafin Miladiyya. Za mu bi labarin ne kamar yadda ya zo cikin Littafi Mai Tsarki, musamman babi na 12 na Littafin Sarakuna na Farko da babi na 10 na Littafin Tarihi na Biyu. Akasarin masu karanta wannan labari sukan taƙaita shi da cewa yaro ne ya ƙi maganar manya ya bi ta tsaransa. Mu kuwa muna ganin al'amarin ya zarce haka.

Tushen Ɓaraka

Da farko dai ya kamata mu tuna cewa haɗin kan kabilun Isra'ila bai daɗe da ƙulluwa ba. Dawuda ya yi shekara 7 da wata 6 a Hebron yana sarautar Yahuza kaɗai, kafin dattawan kabilun arewa su zo su yi masa mubaya'a bisa alkawari. Wato sarautar gidan Dawuda a kan arewa ta ginu ne a kan yarjejeniya. Tun yana da rai ma wani mutum mai suna Sheba ya taɓa janye kabilun arewa daga biyayyarsa.

A zamanin Sulemanu daula ta bunƙasa, amma talakawa ne suka ɗauki nauyin bunƙasar. An shekara 7 ana ginin Haikali, aka shekara 13 ana ginin fada. An ɗebi mutum 30,000 aikin tilas, ana tura 10,000 Lebanon kowane wata domin saran katako. An kuma kasa ƙasa gunduma 12, kowace tana ciyar da fada wata guda a shekara. Masana da dama sun lura cewa Yahuza, kabilar sarki, ba ta fito fili cikin wannan kaso ba. Bugu da ƙari, garuruwa 20 da aka ba Hiram, Sarkin Taya, daga ƙasar Galili ta arewa aka yanke su.

Kwana Uku a Shekem

Da Sulemanu ya rasu, ɗansa Rehobowam ya tafi Shekem domin kabilun arewa su tabbatar masa da sarauta. Wannan tafiya ita kanta shaida ce cewa gado kaɗai bai wadatar ba. Jama'a, da Yerobowam a gabansu, suka roƙi a sassauta musu aikin tilas da nauyin da aka ɗora musu, su kuwa su yi biyayya. Ba ɓallewa suka nema ba.

Rehobowam ya ce a ba shi kwana 3. Dattawan da suka yi wa mahaifinsa fadanci suka ba shi shawarar ya sauko ya yi wa jama'a hidima a wannan rana, ya tausasa harshe, zai same su har abada. Abokan tasowarsa kuwa suka ce ya nuna musu ya fi mahaifinsa ƙarfi. Ya ɗauki ta biyun, ya amsa wa jama'a da gatsali, yana yi musu alkawarin horo mafi tsanani. Nan take kabilun arewa suka juya wa gidan Dawuda baya.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Sarki ya aika musu da Adoram, shugaban aikin tilas, wato mutumin da suka fi ƙin gani. Suka jefe shi har lahira, sarki ya hau karusa ya tsere Urushalima. Ya tara mayaƙa 180,000, amma Shemaiya mutumin Allah ya hana shi yaƙar 'yan'uwansa, a wannan karon kuwa ya ji.

Abin da Ya Biyo Baya

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekara ta 5 ta mulkin Rehobowam, Shishak Sarkin Masar ya kawo hari ya kwashe dukiyar Haikali da ta fada, har garkuwoyin zinariya, aka maye gurbinsu da na tagulla. Yawancin masana sun yarda Shishak shi ne Fir'auna Shoshenk na Farko, wanda ya sa aka zana jerin garuruwan da ya yaƙa a bangon Karnak. Cikinsu akwai garuruwan arewa irin su Magiddo, ke nan rabuwar ba ta tsirar da kowane ɓangare ba.

Yerobowam ma bai tsira daga muguwar shawara ba. Don tsoron kada jama'arsa su ci gaba da zuwa ibada Urushalima, ya kafa maruƙan zinariya a Betel da Dan. Ɗansa Nadab bai wuce shekara 2 a kan gado ba aka kashe shi, juyin mulki ya zama ruwan dare a arewa. Assuriyawa suka ci Samariya wajen 722, Babila ta rushe Urushalima a 586 kafin Miladiyya.

Darussa

Na farko, bambancin mashawartan biyu ba na shekaru ba ne kawai, domin Rehobowam yana da shekara 41 lokacin da ya hau gado. Dattawan sun san yadda aka ɗinke daular. Abokan sarki kuwa a fada suka girma, ba su taɓa ɗaukar dutse ko saran itace ba. Darajar mashawarci tana ga abin da ya sani game da talakawa.

Na biyu, neman shawara daban, karɓarta daban. Rehobowam ya cika sharaɗin tuntuɓa, amma ga alama wanda zai gaskata abin da ke ransa yake nema.

Na uku, koke alama ce ta cewa biyayya ba ta ƙare ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma sarki ya ɗauki roƙo a matsayin tawaye, har ya mai da shi tawaye na gaske.

Kammalawa

Marubucin Littafin Sarakuna ya bayyana rabuwar a matsayin hukuncin Allah, wanda Annabi Ahija ya riga ya faɗa. Duk da haka bai ɗauke wa sarki alhaki ba, ya tsaya ya nuna mana kowane matakin da ya taka da zaɓinsa. Daular da Dawuda da Sulemanu suka yi kimanin shekara 80 suna ginawa ta tsage cikin kwana 3, ba ta kuma sake haɗuwa ba.