Samarin Daraya da laburaren ƙarƙashin ƙasa

1/ Duk sanda aka ce matasa ba sa aikin sa-kai, Daraya nake tunawa. Ku biyo ni. 🧵

2/ Gari ne dab da Damaskus a Siriya. A 2012 sojojin gwamnati suka yi masa ƙawanya: ba shiga, ba fita, ga ruwan bama-bamai.

3/ A 2013 wasu samari, yawancinsu ɗaliban da yaƙi ya katse wa karatu, suka fara tono littattafai daga ɓaraguzan gidaje. Suka tara sama da 14,000 a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, suka buɗe wa kowa.

4/ Abin da ya fi taɓa ni: kowane littafi sai sun rubuta sunan mai shi a ciki, in ƙura ta lafa a mayar masa. Amana suka ɗauke shi, ba ganima ba.

5/ Cikin masu kula da wurin fa har da ɗan shekara 14, yana kakkaɓe ƙura, yana hidimar masu aro. Masu taimakawa a asibiti ma nan suke duba littattafan likitanci.

6/ A Agustan 2016 aka kwashe mutanen garin, aka wawashe laburaren. Amma kusan shekara uku, samari cikin yunwa sun riƙe amanar littattafan jama'a.