Daga Ma'amuma zuwa Ɗakin Tiyata: Tarihin Kiyaye Hankali a Raunin Kai

Tun kafin asibiti ya iso ƙasar Kano, ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaurukan Zakirai da kewayenta ya san matakan raunin kai, domin Risala ta Ibn Abi Zaid (ya rasu 386/996) ta jero su a babin diyya. Muliha, wadda ta bayyana ƙashi, raƙuma 5. Munaƙƙila, wadda ta gusar da ƙashi daga gurbinsa, raƙuma 15. Ma'amuma kuwa, wadda ta kai ga ƙwaƙwalwa, sulusin diyya. Idan hankali ya gushe ɗungurungum, diyya cikakkiya ce, tamkar an kashe rai. Sai dai sanin hukunci daban, iya magani daban. Wanzami da maɗori su ne madogarar manomi a lokacin, kuma inda ƙoƙon kai ya fashe, iyakar hannunsu ke nan.

A Andalus, Az-Zahrawi (ya rasu wajen 1013 Miladiyya) ya yi bayanin huda ƙoƙon kai a juzu'i na 30 na At-Tasrif, har ya siffanta mahujin da aka yi wa gaɓa don kada ya nutse ya taɓa tantanin ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda Malikawa suka warware mas'alar gusar da hankali da gangan. Al-Ƙarafi (ya rasu 684/1285) a cikin Al-Furuƙ ya raba muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi, da murƙid, mai ɗauke hankali da gaɓoɓin ji baki ɗaya. Murƙid mai tsarki ne, babu haddi a kansa. A kan haka Ibn Farhun ya rinjayar da halaccin shayar da shi don yanke gaɓa. Wannan fatawa ta riga gwajin ita da aka yi a Boston a 1846 da ƙarnuka huɗu da ɗoriya.

Tiyatar ƙwaƙwalwa ta zamani ta kafu a Nijeriya a 1962, da dawowar Latunde Odeku Ibadan. Yau wanda babur ya kayar a Gabasawa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da aka kafa a 1988, ake nufa da shi. A can aikin likitan sa barci ya wuce kwantar da majiyyaci. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin ɗari ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ƙwayoyinta kan soma mutuwa bayan 'yan mintuna da yankewarta. Shi ya sa yake tsare ƙarfin bugun jini da numfashi, yana rage kumburi, har a rufe ƙoƙon kai. Lokacin da ake ɓatawa tsakanin ƙauye da birni ne ba ya hannunsa.